Mutum Tara a Littafin Sista Asiyatu

Ku gafarce ni da na shigo muku gida da takarda alhali ba ku aika a kira ni ba. Kowane gida a ƙauyukanmu huɗu an kai masa irinta, ba a tsallake kowa ba, kuma zan faɗi dalilin hakan kafin in ajiye alƙalami. Na san damina ce, masu gona na ta noma, masu kwalekwale na jiran tafki ya lafa, wasunku kuma zan fama musu ciwon da ya fara warkewa. Da na sami wata hanyar sauke wannan nauyi ba tare da na dame ku ba, da ita na bi.

Na Allah muke, kuma komawarmu gare Shi take. Ranar Talata, sha huɗu ga watan Rajab, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Sista Asiyatu Mdoka, ma'aikaciyar jinya a ƙaramin asibitinmu na bakin tafki. Tana tsaka da awon jarirai ta ce kanta ya sara, ta nemi kujera ta zauna, ba ta ƙara tashi ba. Hawan jinin da ta daɗe tana yi wa wasu faɗa a kansa shi ya zama sanadi. Shekarunta hamsin da takwas. An yi mata salla bayan la'asar a nan Mtelela, sahu har bakin gonar rogo.

Ni na wanke ki, Asiyatu. Haka abin yake tun kakanni: ɗakinku da ɗakinmu, wato danginku da namu, abokan wasa ne, ku ke wanke mana namu, mu ke wanke muku naku, kuma ko a gidan makoki ba ma fasa tsokanar juna. Abin da aka halatta wa mai wanka ta faɗa shi ne alheri, to na ga alheri. Fuskarki a sake take, kamar kin gama aikin yini kin kishingiɗa.

Shekara talatin da ɗaya kika yi a wannan asibiti. Ban san yawan yaran da suka faɗo hannunki ba, ke ma na tabbata kin daina lissafi. Ranar da 'yata ke naƙudar fari ruwa ya cinye gada, muka ɗebe tsammani, sai ga ki kin ƙetaro rafi ruwa har ƙirji, jakar aiki a ka, takalmi a baki. Kina shigowa, tun ba ki matse zani ba, kika dube ni kika ce, "Ke Abiti Silaji, fita min daga nan. Ni ke tarbarsu, ke ke raka su. Yau ba ranar aikinki ba ce." Na fita ina dariya ina hawaye. Yarinyar da aka haifa ran nan yanzu tana aji biyar.

Shekarar amai da gudawa ke kaɗai kika bi gaɓar tafki da ƙafa, bukka bukka, kina yi wa masunta tsawa su tafasa ruwa. Maza masu gemu suna hango ki sai su ɓoye kofi a bayansu kamar yara. Kullum akwai ƙullin busasshen usipa, ƙananan kifin nan na tafki, a aljihun rigarki, in kika ga mai jego ba ruwan nono sai ki tura mata a gefen zani, ki ci gaba da rubutu kamar ba ke ba. Kina da faɗa, wannan ba zan ɓoye ba don kin mutu. Amma ban taɓa jin kin ɗauki maganar majinyaci kin kai bakin rijiya ba.

Yanzu zan zo kan abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma hannuna ba ya so.

Shekara shida da suka wuce kika buɗe wani littafi mai baƙin bango. A ciki kike rubuta duk wanda ya zo asibiti da ciwon nan na fata da likitoci ke kira Kaposi. Da yawanku kun san shi ko ba ku san sunansa ba. Yana farawa da tabo mai duhu, ja-ja baƙi-baƙi, galibi a ƙafa, ba zafi ba ƙaiƙayi. Sai tabon ya yi 'yan'uwa, ya taso kamar ƙwayar wake, ƙafa ta kumbura ta yi tauri kamar icce. Kin ce nau'in ciwon daji ne, kuma a wasu ƙasashe likita kan tsufa a bakin aiki bai gan shi da idonsa ba, amma a nan ke kina zargin ya fi yadda ake zato. Kin ce yana da allura, in an fara da wuri mutum kan koma gonarsa. Matsalar ita ce allurar sai birni, tafiyar yini guda, kuma ba sau ɗaya ake zuwa ba. Ofishin lafiya ya ce miki in kin nuna ciwon yana da yawa a yankinmu, za su riƙa turo likita da magani nan bakin tafki duk bayan mako biyu. In kuwa ɗaiɗai ne, ba za a tayar da mota saboda ɗaiɗai ba.

A shekara huɗun farko mutum bakwai kika samu. Ranar wata Alhamis kika zo gidana, kika tarar ina tsince shinkafa, kika ja turmi kika zauna a kai.

"Malama mai wankan ƙarshe," kika ce, "yau roƙo na zo, ki ajiye girman kan nan."

"Ke da roƙo? Halan tafki ya ƙafe."

"Littafina ƙarya yake yi. Wanda ya zo asibiti kaɗai nake gani. Wanda ya kwanta a ɗaki har ya mutu, ke kike ganinsa. Ba suna nake so ba. Shekaru, da ƙauye, da inda tabon yake. Akwai takardar tambayoyi, iyali su yarda, ke ki faɗi abin da idonki ya gani, likita ya duba ya yanke."

Na ajiye faifai na ce miki ba zan iya ba. Na ce tun muna gaban Shehe, malaminmu, aka karantar da mu cewa mai wankan gawa amana aka ba ta, abin da ta gani a bayan labule a nan take barinsa, kuma wanda ya suturta mamaci Allah zai suturta shi. Kika ce, "To mu je tare mu tambayi Shehe Twaibu, in ya ce a'a na haƙura." Na ce ba na bukatar tambaya a kan abin da na sani. Kin dawo sau uku a cikin wannan shekarar. Amsa ɗaya na riƙa ba ki.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi.

Ranar sadakar arba'in a wani gida da ke bayan masallaci, mata sun fi hamsin ana tuƙin tuwo, kika wuce ta bayana da ƙwaryar kunun tobwa kika ce a hankali, cikin wasa, "Abiti Silaji, har yanzu ina jiranki." Ni kuma na ɗaga murya, ni da ba a san ni da ɗaga murya ba.

"Ku ji min mata! Masunta na ƙirga kifi a kan shanya, Asiyatu na ƙirga gawa. 'Yan'uwa kowa ta rufe ƙafarta, kar a rubuta ta a sayar wa Turawa."

Aka kwashe da dariya, don kowa ya san tsakaninmu wasa ne, kuma abokiyar wasa ba a kama ta da laifin baki. Na san haka, shi ya sa na zaɓi wannan ƙofar. Ke ma kika yi dariya kika ce, "Allah Ya shirye ki, za ki zo hannuna ne." Na ce, "Ke dai za ki zo nawa." Kika ajiye ƙwaryar kika koma wajen tukwane, ba ki ci tuwon ranar ba.

Dariya ta wuce, magana ta zauna. Sauran mata uku masu wanka a ƙauyukanmu suka kama bakinsu, don ni ce babbarsu. Mazan da ke wankan maza suka ji daga matansu. Har a asibiti mata suka fara jan zani su rufe ƙafa in kin matso. A shekara biyun da suka biyo baya mutum biyu kacal suka ƙaru a littafinki. Tara ke nan.

Na daɗe ina gaya wa kaina addini na kare. A gaban Allah da gabanku yau nake cewa ba shi ba ne. Ƙanwata Sigele nake ɓoyewa, da abin da na yi mata.

Waɗanda suka san Sigele sun san mijinta ya tafi neman aiki ƙasar waje, can Joni, ya shekara biyar, ya dawo a rame, bai yi wata shida ba ya rasu. Bayan shekara guda na ga tabo a idon sawunta tana alwala. Na san abin da mutane ke faɗa, cewa wannan tabo ɗan rakiyar cutar nan ne mai karya garkuwar jiki. Ke kin sha faɗa cewa ba kullum ba ne, kuma ko da ita ce, akwai magani ga duka biyun. Ban saurara ba. Abin da na hango shi ne bakin rijiya, da 'ya'yanta mata biyu da ba su yi aure ba, da sunana ni da ake kira in karanta wa mata littafi. Na sayo mata safa. Na ce ta daina zuwa kasuwa. Na kawo sassaƙe da man shafawa. Sau uku kina zuwa ƙofar ɗakinta, Asiyatu, kina cewa kin kwana biyu ba ki ga Sigele ba, sau uku ina tare ki a tsakar gida ina cewa sanyin ƙashi ne, barci take. Na uku kika tsaya kika dube ni, kika ce, "Barcin nan ya yi yawa, Abiti Silaji." Na ce Allah Ya kawo sauƙi. Kika ce amin, kika tafi.

Wata goma sha ɗaya Sigele ta yi a ɗaki. Shekara huɗu ke nan da rasuwarta, kuma shekarunta talatin da tara.

Wankanta ya faɗo ɗakinku, kamar yadda aka saba. Innarki ta yi wankan, ke kika riƙe buta kina zuba ruwa. Ina zaune a waje na san me za ki gani in an cire safar. Da kuka fito na kasa ɗaga kai. Sai kika tsaya a kaina kika yi abin da al'ada ta ce, kika ce da ƙarfi, "To mun gama muku aiki, marowata, ina tuwonmu?" Mata suka yi 'yar dariyar makoki. Kika sunkuya kamar za ki gyara min mayafi, kika ce a kunnena, "Ta tafi da tsarkinta. Ki yi haƙuri." Daga ranar har kika koma ga Allah ba ki ƙara ambata min Sigele ba.

Ni kuwa na sa a raina tabbas kin rubuta ta. Ina ganin littafin nan a hannunki sai in ce ƙanwata na ciki, da sunan gidanmu. Da kika zo roƙona ma na ɗauka wata hanya ce ta sa ni in furta da bakina abin da kika riga kika sani. Shi ya sa na yi miki abin da na yi a gaban mata.

Kwana uku da rasuwarki, 'yarki Lukia, wadda ta gaji aikinki a asibitin, ta kira ni ɗaki ta rufe ƙofa. Littafin na kan cinyarta. Ta ce, "Inna, Mama ta ce in wani abu ya same ta kafin a rufe ƙidaya, in sake tambayarki sau ɗaya, in kin ƙi in ƙyale ki." Na ce mata kafin komai ta duba min shekarar da Sigele ta rasu. Ta duba. Ta juya shafi gaba, ta juya baya. Ta ce, "Babu kowa daga Mtelela a wannan shekarar, Inna. Wa kike nema?"

Ba ki rubuta ta ba. Ko 'yarki ba ki gaya wa ba. Kina neman mutum ɗaya ido rufe don adadi ya ƙaru, ga ɗaya kin gani da idonki, kin zuba mata ruwa da hannunki, amma da yake a bayan labule kika gan ta ba a asibiti ba, kuma iyalinta ba su ba ki izini ba, sai kika bar ta a inda kika gan ta. Amanar da na tsaya gaban mata hamsin ina cewa za ki ci, shekara huɗu kina riƙe min ita.

Washegari na je wajen Shehe Twaibu, tafiyar da kika roƙe ni mu yi tare. Na zauna daga bakin ƙofa na faɗa masa komai. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce suturar da aka umarce mu da ita don kada a tozarta mamaci ne, a ɗauki aibinsa a kai kasuwa. Adadi ba tare da suna ba, don a ceci masu rai, bai ga laifinsa ba. Bayanin jikin mutum guda kuwa, ya ce, sai da yardar waliyyansa. Ina shirin tashi ya ce, "Abiti Silaji, tsakanin gidanki da nan ko ruwan alwala ba zai bushe ba. Me ya hana ki zuwa tun tuni?" Amsar ita ce wadda na rubuta muku a sama.

To ga adadin, tunda an halatta min shi. Ban taɓa rubutawa ba, amma duk wadda na wanke ina sa ta a addu'a bayan sallar asuba, don haka ban manta kowa ba. A cikin shekara shidan nan, matan da na wanke da hannuna masu irin wannan tabo, waɗanda na san ba su taka asibiti da shi ba, su goma sha shida ne. Ni ba likita ba ce, wataƙila wasu wani ciwon ne daban, likita zai tantance. Wannan hannuna ni kaɗai ke nan. Ban san na sauran mata uku ba, ban san na maza ba, kuma Asiyatu ta ce ciwon ya fi kama maza.

Sigele ce ta sha bakwai. Na je wajen yayanmu Che Bwanali, tunda maganar 'yan'uwa mata da 'ya'yansu a hannunsa take. Ya saurare ni yana gyaran koma, bai ɗago ba. Da na gama ya ce, "Da ma ke na bar wa jinyarta, don na ce kin fi ni karatu." Ya ci gaba da ɗinki. Can ya ce, "Je ki a rubuta ta." 'Ya'yanta ma sun yarda a faɗi sunanta a wannan takarda, babbar ce ta ce gara a faɗa. Takardar Sigele ita ce ta farko da Lukia ta cike.

Daga cikin taran da ke littafin, biyar suna da rai. Lukia ta ce uku na ƙoƙarin zuwa birni, biyu sun gaji sun daina. Ban san ko su waye ba, ban kuma tambaya ba. Ofishin lafiya zai rufe karɓar ƙidaya kafin azumi. In littafin ya tafi da tara, ko da goma, za a ce ciwon ɗaiɗai ne a wajenmu, kuma ba za a sake duba maganar ba sai bayan wasu shekaru. Ba ofishin ne zai yi ƙarya ba. Abin da muka ba su za su karanta.

Ya Allah Ka jiƙan Asiyatu, Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka suturta ta ranar tonon asiri kamar yadda ta suturta mu. Ka sa wahalar da ta sha a kan marasa lafiyarmu ta zama nauyi a mizaninta. Ka jiƙan Sigele da sauran waɗanda suka kwanta a ɗakuna a ɓoye. Ni kuma ban sami neman gafararki kina da rai ba, Asiyatu, kullum ina cewa sai na sami ranar da ta dace. Ina roƙon Allah Ya isar miki da tubana, Ya kuma sa ki yafe.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mijinta Che Ajusa, da 'ya'yanta Lukia da Twaha da Esinati, da innarta da ta tsufa ta ga wannan rana, da kawunnanta da duk ɗakinsu, da abokan aikinta na asibiti, Musulminsu da Kiristansu. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya mayar muku da alheri. Matan da suka ji maganata ranar sadaka, ku shaida na janye ta, ƙarya na yi mata. Abokan aikina masu wanka, maza da mata, ni na rufe muku baki, ku je ku ji daga Shehe da kunnenku.

Saura dalilin da ya sa kowane gida ya sami wannan takarda. Gidaje goma sha shidan nan na san su, su ma sun san kansu, amma ba zan taka ƙofar ko ɗaya ba, don in aka gan ni na shiga an gane. Saboda haka ina roƙon kowane gida ya amsa, har wanda abin bai taɓa shafa ba, don amsarku ita za ta rufa wa maƙwabcinku asiri. A bayan takardar nan ku rubuta ɗaya daga cikin uku: mun yarda, ko ba mu yarda ba, ko babu a gidanmu. Kawu ko babban dangi ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa. Ku ninke ku jefa a akwatin da ke ƙofar asibiti, Lukia kaɗai ke da mabuɗinsa. Wanda ya ce bai yarda ba, wallahi bakina a rufe yake a kan nasa har in mutu, kuma ba zan ga laifinsa ba. Wanda kuma yake da mai irin wannan tabo a ɗaki yanzu, da ransa, kada ya tsaya rubutu, ya kawo shi.

Lukia na bukatar mako biyu ta cike takardun kafin mota ta tafi da su. Don Allah ku amsa da wuri, kada ya wuce Juma'a, sha biyar ga Sha'aban.

Awetu Abiti Silaji
Mtelela